Wasiƙa zuwa ga Edita: Sunayen kakanninmu na kan dutse a ƙasar Bama (Myanmar), mu kuwa ko kakan uba ba mu sani ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili, kuma a yi min haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo, maganar ce ba ta gajartuwa. Magana ce a kan bin salsala, wato mutum ya zauna ya binciko wa ya haifi wa a gidansu har iya inda zai iya kaiwa, abin da Turawa suka mayar sana'a har da kamfanoni masu cin kuɗi a kai, mu kuwa in ka tare saurayi ɗan jami'a ka ce faɗa min sunan kakan babanka sai ya hau sosa ƙeya yana murmushi, in ya yi ƙoƙari ya ce maka "ai dai an ce daga Barno muka zo", shi ke nan an gama tarihi.

Su can abu biyu suka fi dogara da shi, takardun ƙidaya da rubutun da ke kan kaburbura. A Amurka tun 1790 suke ƙidayar jama'a duk bayan shekara goma ba fashi. Da farko sunan maigida kaɗai ake rubutawa sai a ce yana da mutum kaza a gidansa, amma daga 1850 aka fara sa sunan kowa banda bayi, da shekarunsa da sana'arsa da inda aka haife shi. Dokarsu ta ce a rufe takardun har shekara 72 kafin a buɗe wa jama'a, shi ya sa na 1950 sai a watan Afrilun 2022 aka sake su. Ingila kuwa shekara 100 suke jira, sun fara ƙidaya a 1801, sunaye daga 1841, na 1921 sai a Janairun 2022 mutane suka gan su. Yadda ake yi kuwa ba wani sihiri ba ne. Ka samu kakanka a takardar 1950 yana magidanci, sai ka koma ta 1940, ta 1930, kana ja da baya har ka tarar da shi yana yaro a gidan ubansa, ga sunan uban ga na uwar ga yayye ga ƙanne a jere, sai ka kama uban shi ma ka ci gaba da ja. In ka yi kokwanto ko wannan ne ko wani mai irin sunansa, sai ka nemi kabarinsa, dutsen zai ba ka shekarar haihuwa da ta rasuwa, sau da yawa ma matarsa na kwance a gefensa da sunan gidansu a rubuce. Akwai masu aikin sa kai da ba su da aiki ran hutu sai zagaya maƙabartu suna ɗaukar hoton duwatsu suna ɗorawa a shafuka irin su Find a Grave, kana ɗakinka za ka ga kabarin mutumin da ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce.

Kada a ɗauka su ma komai nasu ya tafi daidai. Yawancin takardun ƙidayar Amurka ta 1890 sun lalace a gobarar da aka yi a Washington a Janairun 1921. Na Ingila na 1931 sun ƙone ƙurmus a 1942, ga shi a 1941 ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. A ta 1841 ma an ce wa malaman ƙidaya su riƙa rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 a rubuta 30. Amma dai abin da ya tsira ya tsira, kuma suna ji da shi.

Waɗanda labarinsu ya fi taɓa ni su ne baƙaƙen fatar Amurka. A 1850 da 1860 an ƙirga bayi amma a takarda daban, sunan ubangida ne a sama, a ƙarƙashinsa sai layi-layi, namiji ɗan shekara 30, mace 'yar 25, yaro ɗan 4, babu suna ko ɗaya. Sai a ƙidayar 1870, bayan an gama yaƙin basasarsu an soke bauta, sannan mafi yawansu suka fara fitowa da sunayensu. Saboda haka da yawansu in suka ja baya suka kai 1870 sai su ci karo da bango. Amma kai ka ga naci, mutum zai bi takardun rabon gadon ubangidan kakansa, inda aka lissafa bayi tare da dawakai da kujeru, don kawai ya tsinci sunan kakar kakarsa. Mu da ba a ɗebe mu an ƙetare teku da mu ba, muna zaune a garin da aka binne cibiyar kakanninmu, amma bangonmu ya fi nasu kusa, wani ma 1950 ba zai kai ba.

To me ya sa? Mu fara da ƙidayar tamu. An yi a 1911, 1921, 1931, amma a nan Arewa yawanci daga lissafin haraji aka kwaso alƙaluman, kuma kowa ya san yadda talaka yake da haraji. Malamin ƙidaya ya tsaya a zaure, maigida ya fito ya faɗi abin da ya ga dama, samarin da suka isa biya an tura su gona ko an ɓoye su a rumbu, matan kulle ba mai ganinsu, ga kuma camfin nan namu na cewa ba a ƙirga 'ya'ya. Aka zo 1952 zuwa 1953 aka yi wadda ta ɗan fi tsari. Daga nan kuma sai rigima, ta 1962 aka soke, ta 1963 ta ba da miliyan 55.6 aka yi ta cacar baki har kotu, ta 1973 aka soke, ta 1991 ta ce mun kusa miliyan 89, ta 2006 ta ce miliyan 140, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage. Duk wannan faɗan a kan jimla ake yinsa, wa ya fi wa yawa, tunda da yawan ake raba kujeru da kason kuɗi. Ban taɓa jin wani ɗan majalisa ya miƙe ya tambayi ina fom ɗin da aka cike suke ba. Ni dai na tuna a 2006 an zo har tsakar gidanmu, aka rubuta sunan kowa tun daga kan tsohuwa har jaririn da ke goye, aka shafa mana tawada a yatsa. Wannan takardar, Malam Edita, nan da shekara saba'in ta fi jimlar miliyan 140 ɗin daraja a wurin jikokinmu, in har tana nan.

Sai kaburbura. Namu dai kowa ya san su, tudun ƙasa ne, a ɗan kafa itace ko dutse ko fasasshiyar tukunya a wajen kai, damina biyu uku ya baje. Kuma ba sakaci ba ne, addini ne, an hana gini a kan kabari da shafe shi, malamanmu kuma sun karhanta rubutu a kai, iyaka dai a sa alama kamar yadda Manzon Allah (SAW) ya ajiye dutse a kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi. Ni ba na cikin masu cewa a fara kafa marmara a maƙabartunmu, a'a. Yanzu a birane ana kafa ɗan allon ƙarfe da suna da kwanan wata, shi ma in tsatsa ba ta cinye ba 'yan jari bola sun tsallaka katanga sun tuge. Waɗanda aka san makwancinsu daram su ne manya, Hubbaren Shehu a Sakkwato, Sarkin Musulmi Bello a Wurno, Abdullahin Gwandu a Gwandu, sarakunan Kano na baya-bayan nan a gidan Nasarawa, sai kuma waɗanda Turawa suka kai Lakwaja suka rasu a can irin su Sarkin Kano Alu da sarakunanmu na Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi. Talaka kuwa da zarar waɗanda suka kai shi sun bi bayansa, shi ke nan, sai Allah.

Amma akwai wani rukuni na talakawanmu da sunayensu ke sassaƙe a kan dutse har gobe, ana share wurin ana ba furanni ruwa, kuma yawancin danginsu ba su ma san da haka ba. Su ne sojojin da suka tafi yaƙin Hitila ba su dawo ba. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk wanda ya tashi a Zariya ko Kaduna ya san sunayen barikoki irin su Chindit da Dalet da Kalapanzin, a Legas akwai Myohaung, a Ibadan akwai Letmauk, muna faɗarsu kullum a bakin tasha ba mu damu da inda suka samo asali ba, alhali kusan duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, inda yaranmu suka gwabza da Japanawa, Chindit ɗin kuwa sunan wata runduna ce ta musamman da bataliyoyin Najeriya uku suka shiga cikinta a 1944. Runduna biyu manya aka kwasa daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, 'yan Najeriya da Gwalkwas (Ghana ta yanzu) da Saliyo da Gambiya, kuma 'yan Arewa sun yi yawa a ciki sosai, tun asali ma da Hausa ake magana a sojan Najeriya har Turawan hafsoshi sai sun koye ta. Ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, suka haɗu suka ci Myohaung a Janairun 1945. Kafin nan wasu sun riga sun yi yaƙi da Italiyawa a Somaliya da Habasha a 1941, shi ya sa ake da barikin Mogadishu. Daji ne mai duhu da ruwan sama da tsaunuka, da yawa ma ba harsashi ne ya kashe su ba, zazzaɓi ne da atuni da ruwa da ya ci su wajen ƙetare kogi, wasu kuma ba su riƙe bindiga ba sam, kaya suke ɗauka a ka inda mota ba ta shiga.

Akwai hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila, Commonwealth War Graves Commission, an kafa ta tun 1917. A wajen birnin Yangon akwai maƙabartar Taukkyan mai kaburbura sama da 6,000, a tsakiyarta kuma akwai wasu dogayen ginshiƙai da ake kira Rangoon Memorial masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda gawarsu take ba. A Bangaladash ma, a Chittagong da Maynamati, akwai 'yan Afirka ta Yamma a kwance. Kowane kabarin da aka gane mai shi da lambar soja da muƙami da suna da bataliya da ranar rasuwa. Kuma duk wannan yana shafinsu na intanet kyauta, ko da ƙaramar waya za ka iya dubawa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Bature bai rubuta mutanenmu da sunan ubanninsu ba, sunan yanka ne sai sunan gari, Audu Kano, Garba Katsina, Musa Bauci, Ali Sakkwato, haka za ka gan su rututu. Wannan ɗabi'ar ba a soja kaɗai ta tsaya ba, ita ce a rajistar makaranta ta ba mu su Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a sojan ma ga shahararren sajamanjan nan Chari Maigumeri da aka sa wa barikin Lakwaja sunansa. To su waɗannan manya ne an san gidajensu. Amma farabiti Audu Kano fa? Wane Audun, wace Kanon, birni ko ƙauyen da ke tafiyar kwana biyu daga birni? Wani ma ba Bakano ba ne, a Kano kawai aka ɗauke shi. Wani ya gudo ne daga gida ya canza suna don kada ubansa ya aiko a kamo shi, wani daga ƙasar Faranshi ya tsallako ya ce shi Bakatsine ne, wani kuma dagaci ne aka ce ya kawo mutum kaza ya tattara marasa gata ya miƙa. Ga kuma rubutun Bature da ke mayar da Mamman wani abu daban. In ka shiga shafin da suna kawai, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Mu a gidanmu akwai yayan kakata ta wajen uwa. Tun muna yara abin da muka sani kawai shi ne ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, kuma kakar tamu ba ta taɓa kiran sunansa ba sai dai ta ce Yaya, sauran tsofaffi kuma da laƙabi suke kiransa tunda sunan kakansa aka mayar masa, ka ga ba mai iya faɗa gatsal. Ta ce mahaifiyarsu har ta koma ga Allah ba ta yarda ya mutu ba, ko da wani abokin tafiyarsa ya dawo ya zo ya yi gaisuwa cewa ta yi ai bai ga gawa ba, kullum in an yi tuwon dare sai ta sa an ajiye malmala ɗaya a rufe. Bayan rasuwar kakar tamu ana fito da kayanta sai ga wani tsohon gwangwani a ƙasan adaka, a ciki akwai layu biyu da kwabbai masu huji da anini da wata 'yar takarda da aka ninke ta har ta kusa rabewa huɗu, gefenta duk asu ya ci, tawadar ta koma ruwan ƙasa. Takardar karɓar kuɗin da yake yankar wa uwarsa ne daga albashinsa, ana biyanta ta baitulmali. Sunan ya goge rabi, amma lambar tana nan, ta fara da NA sai alƙaluma. Wani ɗan ƙanwata ne da ba ya rabuwa da waya ya ce kawu kawo mu gwada, ya shigar da lambar, sai ga mutum ɗaya tak ya fito. Sunan yankansa ne, wanda wata gwaggonmu da ta rage ta tabbatar mana bayan ta yi ta nuƙu-nuƙu kafin ta faɗa, amma garin da aka liƙa masa ba namu ba ne, garin hakiminmu ne. Ranar rasuwa a farkon 1945. Ba shi da kabari, yana cikin na jikin ginshiƙan nan, wato dai tsohuwa ta yi gaskiya, ba wanda ya ga gawa.

Abin lura a nan, dutsen yana can shekara da shekaru amma bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba. Lamba ce ta haɗa, lambar kuma ba don tsohuwa ta adana ta a gwangwani ba, wata tsohuwar kuma ta buɗe baki ta faɗi sunan da kunya ta hana a faɗa shekara tamanin, da har yanzu yana nan a matsayin wani Wane Gari-kaza da ba shi da kowa. Saboda haka duk wanda aka ce a gidansu wani ya tafi soja zamanin Turawa, ya je ya binciki adakar tsofaffi tun kafin a raba kaya a zubar da "tarkace". Littafin sallama, takardar fansho, katin 'yan mazan jiya, duk suna ɗauke da lamba. Lambobin yabo na yaƙin farko, wato na Jamus da aka yi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 da kuma Gabashin Afirka, a gefensu ma ake buga suna da lamba, a duba da kyau.

Kuma kada a ce Bature ya yi mana adalci a nan. Ita kanta hukumar kaburburan sojojin ta fitar da rahoto a Afrilun 2021 ta amsa cewa a yaƙin farko aƙalla mutum 116,000, wataƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, har sakataren tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace ya ba da haƙuri a majalisa. A cikin rahoton an kawo yadda gwamnan Gwalkwas Guggisberg ya ce a 1923 wai baƙin mutum ba zai gane amfanin dutsen kabari ba. To ka ji. Wanda ya samu nasa ya gode Allah, wanda bai samu ba kada ya ce kakarsa ƙarya ta yi.

Wanda ba shi da soja a gida fa? Shi ma yana da inda zai dafa, sai dai ba a inda Bature yake neman nasa ba. A ganina babbar takardar ƙidayarmu ita ce takardar rabon gado ta kotun alƙali, domin a nan ne dole a jero mata da 'ya'ya maza da mata kowa da sunansa na gaskiya, ba a ɓoye kowa tunda kowa na son rabonsa, saɓanin haraji da kowa ke gudu. Sai bangon Alƙur'ani da tsofaffin littattafai a gidajen malamai, inda za ka ga an rubuta da tawadar zuge an haifi wane ranar kaza ga watan kaza. Sai takardun gona da na gida, da rajistar elemantare da midil, da tsohon fasfon Makka. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai fayil-fayil na larduna, ciki har da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin da suke zagayen tsaida haraji, gunduma-gunduma, wa ya kafa garin, daga ina ya zo, jerin dagatai, masaƙa nawa maƙera nawa marina nawa. Ba lallai ka ga sunan kakanka ba in ba mai sarauta ba ne, amma za ka ga garin da ya rayu a ciki. Ga Gidan Arewa nan ma a Kaduna, ga hukumar tarihi ta Kano, ga ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ni dai na taɓa shiga wani ɗakin ajiya a wata tsohuwar kotu, ba zan faɗi gari ba, na tarar da rajistocin alƙalai na ajami da Larabci a zube a ƙasa, rufi na yoyo, gara ta yi gini a kansu, mai gadi ya ce min wani lokaci masu ƙosai na zuwa neman takarda. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Amma duk waɗannan bayan baki suke zuwa. A fara da tsofaffi, musamman mata, don su ne suka san wa ya auri wa, wa aka saka, wa ya sha nonon wa, wane ne ɗan riƙo wane ne agola. A same su ɗaya-ɗaya ba a taro ba, a kunna rikoda a waya, kada a katse su in sun yi kwana. Ba za su ba ka shekara da lamba ba, za su ce maka shekarar Kakalaba, ka san wajen 1914 ke nan, ko 'Yar Gusau wajen 1942, ko zuwan Sarauniya 1956, ko lokacin da aka koma tuƙin dama 1972, ko canjin kuɗi 1973, kai ne za ka zauna ka daidaita. A tambayi sunan yanka daban laƙabi daban, don Abba da Baffa da Inna da Iya da Tanko da Delu duk ba su ne za ka tarar a takarda ba. A tambayi tsagar gidan, wanzamin gidan ma in yana raye ya san abin da ba ku sani ba, haka maroƙa. A tambayi waɗanda suka tafi ba su dawo ba, wanda ya tafi Makka a ƙasa ya zauna a Sudan wajen su Mai Wurno, wanda fataucin goro ya kai Kumasi ya yi iyali a zango, wanda ya tafi haƙar kuza Jos.

Sannan a shirya jin abin da ba a so. Kowa so yake a ce kakansa daga Yaman ya zo ko sharifi ne ko ɗan sarki ne da aka hana sarauta ya yi fushi ya fita, har na kan ce to wai su waye suka yi noman ne a ƙasar nan. Bincike na iya kai ka rinji, wato ƙauyen bayi, yana iya kai ka takardar fansa a gaban alƙali, yana iya nuna maka kakar da ake ce wa Bafulatana daga kudancin Zazzau ko Adamawa aka kamo ta tana yarinya. Inaga wannan tsoron yana cikin abin da ya sa wasu gidajen ba sa son a tona, kuma na fahimce su, tunda har yau akwai inda ake fasa aure a kan wannan. Ni dai ra'ayina a rubuta gaskiya a ajiye a gida, ba dole sai an ɗora a Facebook ba, kuma wanda ya binciko na maƙwabcinsa don ya yi masa gori Allah ya isa tsakaninsa da shi. Annabi (SAW) cewa ya yi mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi, bai ce don alfahari ba.

Roƙona ga 'yan majalisarmu, tunda ana ta maganar sabuwar ƙidaya kuma an ce da na'ura za a yi, a sa a doka cewa bayanan gida-gida za a adana su a rufe, a buɗe wa jama'a bayan shekara 70 ko 100 kamar yadda wasu ƙasashe ke yi, sannan Hukumar Ƙidaya ta fito ta gaya mana halin da fom ɗin 1991 da na 2006 suke ciki. Kwamitocin maƙabartu kuma, wannan ba sai an jira gwamnati ba, littafi ne babba guda ɗaya da biro, a raba maƙabarta layi-layi, duk wanda aka kawo a rubuta sunansa da na ubansa da unguwarsu da rana da layin da aka sa shi, wani yaro ya riƙa ɗaukar hoton shafukan duk wata, ba gini ba marmara balle a ce an saɓa wa sunna. Manyan alƙalan jihohi su sa a kwashe tsofaffin rajistocin nan daga ƙasa a ɗauki hotonsu tun kafin damina ta gaba.

Ku kuma Malam Edita ga naku. Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja ana sakin tattabaru don tunawa da 'yan mazan jiya, ba a kiran sunan kowa. Me zai hana jaridarku ta ware shafi ɗaya a wannan makon ta riƙa buga sunayen sojojin Najeriya da ke Taukkyan da sauran wuraren, da lambobinsu da bataliyarsu da ranar rasuwa, lardi-lardi, ko da hamsin-hamsin ne, gidajen rediyo su ɗauka su karanta da Hausa don tsofaffin ƙauye su ji. Sunayen suna nan a shafin hukumar kaburburan sojojin, kwafowa kawai za a yi, in kuna buƙatar mai taya ku tacewa ni na yarda zan yi kyauta, lambar wayata tana wurin ku.

Na gode, Allah ya jiƙan magabatanmu.

Naku,
Wani mai karatunku daga Zariya